Siriya: Yadda noma tsakanin itatuwan zaitun ke rufa wa iyalai asiri

Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar alhazai, ko ya leƙa shagunan masu maganin Musulunci a Nima ko Zangon Kumasi, ya san kwalbar man zaitun da ƙullin habbatus sauda. Sai dai ba kowa ba ne ya san irin halin da wasu daga cikin manoman waɗannan abubuwa biyu suka shiga a shekarun baya. Ƙasar Siriya tana cikin tsofaffin gidajen zaitun a duniya, kuma kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Maris na 2011 an ƙiyasta tana da itatuwan zaitun kusan miliyan 100, wanda hakan ya sa ta cikin manyan ƙasashe masu tatsar mansa. Kaso mai yawa na itatuwan yana arewa maso yammacin ƙasar ne, wato lardin Idlib da lardin Halab, musamman yankin Afrin.

To, waɗannan yankuna kuwa su ne yaƙi ya fi daɗewa a cikinsu. A watan Janairun 2018 sojojin Turkiyya da mayaƙan da suke mara wa baya suka shiga Afrin, a wani farmaki da suka raɗa wa suna "Reshen Zaitun", bayan haka aka yi ta samun rahotannin sare itatuwa da ƙwace amfanin gona daga hannun masu shi. Daga Disambar 2019 zuwa farkon Maris na 2020 kuma, farmakin sojojin gwamnati a kudancin Idlib ya raba mutum kusan miliyan ɗaya da gidajensu. Da yawa daga cikinsu ba su sami wurin fakewa ba sai gindin zaitun a kusa da iyakar Turkiyya, inda suka ɗaura barguna da tamfol a rassa suka kwana cikin sanyin hunturu. Sai ga girgizar ƙasa ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta rushe garuruwa irin su Jindires.

Matsalar mai gonar zaitun ita ce itacen ba ya ciyar da gida kullum. Sau ɗaya ake tsinkarsa a shekara, daga Oktoba zuwa Disamba, kuma ɗabi'arsa ce idan ya yi 'ya'ya da yawa bana, baɗi sai ya rage ƙwarai. Wanda ya dasa sabo kuwa sai ya jira shekaru huɗu ko biyar, wani lokaci fiye, kafin ya fara ganin abin kirki. A zaman lafiya manomi yakan adana mai a garwa ya riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan. Amma a lokacin da takin zamani da man dizal suka yi tsada, hanyoyin kasuwa suka toshe, kuɗin ƙasar ya faɗi warwas, magidanci ba zai iya zuba wa itace ido wata goma sha ɗaya ba alhali yara suna neman abin kai wa baka.

A nan ne wata tsohuwar dabara ta dawo da darajarta. A gonakin da suka dogara da ruwan sama ana dasa zaitun ne da tazara mai faɗi, sau da yawa mita takwas zuwa goma tsakanin itace da itace, domin saiwoyi su sami isasshen danshi. Ke nan mafi yawan filin gonar a buɗe yake. Damina a can kuwa lokacin sanyi take zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Saboda haka manomi yakan shuka abin da ke nuna da wuri a tsakanin layukan bayan an gama tsinkar zaitun, ya girbe shi wajen Afrilu ko Mayu, kafin zafin bazara ya shigo, lokacin da itacen ya fi bukatar ɗan danshin da ya rage a ƙasa.

Abin da aka fi shukawa shi ne dangin wake: adas, wato wani ƙaramin wake mai faɗi da ake miya da shi, da hummus, da waken ful wanda alhazai suka saba karya kumallo da shi a Makka, da wata ciyawar dabbobi ita ma dangin wake. Amfaninsu biyu ne. Na farko abinci ne mai gina jiki da ke ajiyuwa a buhu wata da watanni ba tare da firiji ba, a wurin da nama ya gagari talaka. Na biyu, a saiwarsu akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zaune ciki, waɗanda ke janyo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa, sai ya rage wa manomi kuɗin taki. Wasu kuma sukan shuka kayan ƙamshi irin su kammun da habbatus sauda, waɗanda ba su son ruwa da yawa, ba su da nauyin ɗauka, kuma suna da kuɗi a kasuwa. Harawar da ta rage tana zama abincin tumaki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin masu karatu. Manomin koko a ƙasar Asante yana dasa ayaba da rogo da makani a tsakanin ƙananan itatuwan koko, yana ci yana sayarwa har kokon ya girma. Iyayenmu da suka zo daga ƙasar Hausa kuma sun bar gero da wake a kunya ɗaya ƙarƙashin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka hasken rana. Hikimar ɗaya ce, yanayin ƙasa ne ya bambanta.

Abin da ya sa masana noma da ƙungiyoyin agaji suka mai da hankali ga wannan dabara shi ne tana iya haɗa mabukata biyu. Ga mai gona da ba shi da kuɗin huɗa da cire ciyawa, ga ɗan gudun hijira da ya iya noma amma ya baro gonarsa a baya. Idan aka taimaka da iri da kuɗin huɗa, aka yi yarjejeniya kan rabon amfani, mai gona ya sami kulawa ga itatuwansa, baƙo kuma ya sami abinci da ɗan abin sayarwa. Matan da yaƙi ya mayar zawarawa, waɗanda su ne ke riƙe da gidaje da dama a sansanoni, suna iya shiga aikin shuka da cira da sussuka. Kwalin agaji yakan ƙare cikin 'yan makonni, amma wanda ya girbe adas yana iya ware irin baɗi.

Sai dai abin yana da sharuɗɗa. Idan aka shuka daf da gindin itace, shuka da zaitun za su yi ta gasar ruwa, don haka ake barin fili kewaye da kowane itace. Alkama da sha'ir sun fi dangin wake zuƙe danshi, kuma busasshen karansu yana jawo gobara da bazara. Masana suna kuma gargaɗi kada a kawo auduga ko tumatir ko dankalin Turawa ko yalo cikin gonar zaitun, domin suna ɗauke da wata cutar ƙasa da ke toshe jijiyoyin itacen ta busar da rassansa. A shekarar fari kuwa, kamar 2025 da Siriya ta ga ƙarancin ruwan da ta daɗe ba ta ga irinsa ba, abin da aka shuka yana iya ƙonewa, itacen ma ya wahala. Ingantaccen iri shi ma ya yi wuya, tun da cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ICARDA, wadda ta yi shekaru tana inganta adas da ful a Tel Hadya kusa da Halab, ta kwashe manyan ayyukanta daga can a 2012 saboda yaƙi.

Bayan faɗuwar gwamnatin Bashar al-Assad ranar 8 ga Disambar 2024, iyalai da yawa sun koma ƙauyukansu a kudancin Idlib da arewacin Hama. Wasu sun tarar an sare itatuwan da kakanninsu suka dasa an yi makamashi da su, wasu kuma sun tarar da nakiyoyi da bama-baman da ba su fashe ba a binne cikin gonaki, waɗanda suka hallaka manoma da yara ba kaɗan ba. Kafin garma ta shiga irin wannan gona dole masu kwance nakiya su riga ta.

Wanda gonarsa ta tsarkaka kuma zai sake dashe ne daga tushe, ya jira shekaru kafin ya kai 'ya'yan farko wurin matsa. A tsawon wannan jira, abin da ya shuka tsakanin layuka shi ne zai riƙe gidan. Allah Ya ba su damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarsu da namu lafiya.