Daga Jakar Wasiƙu: Hawan Mambila Da Damina

 Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Gaya ta jihar Kano. Doguwa ce, don haka za mu taƙaita ta. Ya ce yana da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da yake cin kasuwannin ƙauye da ita. Ran nan a teburin mai shayi na bakin tasha sai musu ya kaure tsakanin direbobi da samarin nan masu son mota, waɗanda ba su da hira sai ta inji da taya. Wani ya ce a kan Tsaunin Mambila ruwan sama ba ya ɗaukewa duk shekara. Wani ya ce babu motar da ke iya hawa can sai Land Rover. Na uku ya ce gahawa a can kamar a banza take, kuma ita direbobin wurin ke sha su kwana uku ba su runtsa ba. Shi kuwa Alhajin namu har ya fara lissafi: ya ɗora gishiri da atamfofi ya hau a watan Agusta, ya sauko da buhunan gahawa. Yana tambaya, ina gaskiyar take, kuma ya tafi ko kada ya tafi?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Mutum ukun nan kowa ya faɗi gaskiya, amma kowa ya ƙara mata gishiri, har ya kusa fin wanda za ka ɗora a mota. Abin da ba wanda ya ambata a cikinsu, shi ne tushen maganar duka, wato tsawon wurin. Shi ya kawo ruwan, shi ya ɓata hanyar, shi kuma ya sa gahawa ke yi.

Tsaunin Mambila yana cikin ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, jihar da aka cire daga tsohuwar Gongola a 1991, kuma babban garin shi ne Gembu, dab da iyakar Kamaru. Yankin ma a da ɓangaren Kamaru ne da ke hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Nijeriya, daga nan lardin ya sami sunan Sardauna. Saman tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Birnin Kano bai cika mita 500 ba. A nan kusa kuma dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu wurin da ya kai shi tsawo a Nijeriya.

Yadda tsawon ke kawo ruwa kuwa shi ne, da damina iska na tasowa daga teku ta kudu maso yamma, cike da danshi. In ta iso gindin tsauni ba ta da hanya sai ta hau. Ita kuwa iska, duk mita 1,000 da ta hau, zafinta na raguwa da digiri 6 da 'yan kai. In ta yi sanyi ba ta iya riƙe danshin da ta ɗauko, sai ya zama gajimare ya zubo. Kowa ya taɓa ganin yadda ruwa ke taruwa a bayan murfin tukunya, to kusan haka ne. Shi ya sa ruwan da ke sauka a Mambila a shekara yakan haura milimita 1,800, wato wajen ninki biyu na abin da manomin Kano ke samu. Damina tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta tafiya sai Oktoba ko Nuwamba. Amma tana tafiya. Suna da rani, ciyawa na bushewa, hunturu na kai musu ziyara, da sanyin dare mai sa mutum ya nemi bargo biyu. Saboda haka mai maganar farko ya yi ƙari da wata huɗu.

Yanzu ga mota, inda muka fi so ka buɗe kunne. Daga Jalingo hanya ta bi ta Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, a nan gindin tsaunin yake. Daga nan sai hawa da kwana-kwana, dutse a gefe guda, rami mai zurfi a ɗaya gefen, har a fito Maisamari, a wuce Nguroje, a isa Gembu. Akwai wani hawa da direbobi ke kira Biyu da Sisi, sunan kuɗin zamanin sule. Babbar hanyar da kwalta, ko da yake ruwa na cin ta kowace shekara, kuma ƙananan motoci na hawa. Ba gaskiya ba ne cewa sai Land Rover. Inda Land Rover ta ci sunanta shi ne in an bar kwalta an nufi ƙauyuka, can inda gonakin suke. Hanyoyin jan ƙasa ne, in ruwa ya jiƙa su santsinsu kamar na kuɓewa. Ita motar, da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ƙafafunta huɗu duka na ja, tana da ƙaramin giya mai ƙarfi na hawa da fita daga taɓo, ƙasanta a ɗage yake, jikinta kuma na alminiyam ne, ba ya tsatsa. Bakanike da sifana da guduma ya ishe ta. Kamfanin ya daina ƙera tsohon samfurin tun 2016, amma tsofaffin suna nan suna aiki, ga kuma Toyota Hilux da babura sun shigo suna raba musu lodi. Taka 504 ɗin, mota ce mai juriya, ba mai musu, amma ƙafafun baya kaɗai ke ja.

Akwai abin da zai ba ka mamaki tun kana kan kwalta. Za ka ji motar ta yi nauyi, kana taka totur tana nishi. Kada ka zargi bakanikenka. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, inji kuwa da iska yake ƙona mai, don haka injin da ba shi da tobo yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Lodin da ta saba ɗauka daga Gaya zuwa Wudil ba shi za ta hau Mambila da shi ba. A rage. A kuma duba lagireto kafin a fara hawa, yaron mota ya riƙe weji a hannu, ba a ƙarƙashin kaya ba.

Sai dai tsofaffin direbobi sun fi tsoron gangara a kan hawa, kuma suna da hujja. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, in ya ga gangara sai ya ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta. A gangarar minti ɗaya ba laifi. A gangarar da ake daɗewa ana yi, birkin na ɗaukar zafi har ya daina kamawa, in kuma man birkin tsoho ne ya sha danshi sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba komai. Maganinsa, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, ta ɗaya ko ta biyu, injin ya riƙe motar, birki kuwa a riƙa taɓa shi ana sakewa. Masu kashe inji ko cire giya a gangara don tsimin mai, wallahi ba tsimi suke yi ba. In ka ji ƙauri, ka sami wuri ka tsaya birkin ya huce da kansa.

Sauran abin da ruwa ke jawowa, a gurguje. Gajimare kan sauko ya kwanta a kan hanya har ba ka ganin bakin motarka, a nan ƙaramar fitila ake kunnawa, don babbar dawowa take yi ta kashe maka ido. Tayar da ta side ba ta da wurin da ruwa zai bi ya fita, sai ta hau kan ruwan, sitiyari ya zama ado. Ƙasa kan zabtaro ta tare hanya. Rafi kuma in ya kawo, a jira shi: ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, in kuma inji ya shaƙi ruwa, to sai dai a sauke shi. Ruwan tsauni da saurin zuwa yake, da saurin wucewa.

To, gahawa. Gaskiya ne ana noma ta a Mambila, kuma irin mai daraja, wadda ake kira arabika. Asalinta daga tsaunukan Habasha ne, ta ƙetara Yaman, daga can ta bazu a duniya. Ba ta son zafi, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 24, a tudu mai tsawon mita 1,000 zuwa 2,000, da ruwa mai yawa, da ɗan rani a tsakani don ta yi fure. Ka ga kamar an auna Mambila ne aka yanka mata. Ɗaya irin, robusta, ita ke yi a ƙasa mai zafi da danshi, ta fi ɗaci, ta fi arha. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan tana da reshe a Kusuku a kan tsaunin, inda ake aiki a kan gahawa da ganyen shayi, a Kakara kuma akwai gonar shayi da masana'antarsa.

Amma cewa a banza take, a'a. Itacen sai ya shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya. Da hannu ake tsinka, jajayen kaɗai, kuma sai an tara wajen kilo 5 zuwa 6 na ɗanyun 'ya'ya kafin a sami kilo 1 na busasshiyar ƙwaya. Ga shi manoma da yawa sun yi watsi da ita bayan an rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, sannan yarjejeniyar farashin gahawa ta duniya ta watse a 1989, farashi ya faɗi warwas. Wasu suka sare itatuwan suka koma masara. A Fabrairun 2025 kuwa farashin arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 a kan kowace laba, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Wanda bai sare nasa ba ya san abin da yake riƙe da shi.

Babban abin da ya rushe lissafinka, Alhaji, shi ne watan da ka zaɓa. A Agusta 'ya'yan gahawa kore ne shar a kan itace. Sai ƙarshen damina suke nuna, a yi ta tsinka da shanya har cikin hunturu. Abin da za ka samu a Agusta ragowar bara ce, wadda ta kwana cikin danshi wata da watanni. Ƙwayar gahawa sai danshinta ya sauka zuwa kashi 11 ko 12 cikin 100 take ajiyuwa, in ya wuce haka sai ta yi fumfuna, mai saye na shinshinawa zai ture buhun. Tana kuma ɗaukar warin duk abin da aka haɗa ta da shi, kada a kusanta ta da jarkar fetur ko daddawa. Gishirinka ma ai ka fi mu sanin yadda yake da marka.

Saura batun kwana uku ba barci. Sinadarin da ke cikin gahawa, kafin, shi ne dai ke cikin goro da shayi. Ba ya kawar da gajiya, toshe saƙonta yake yi kada ya isa ƙwaƙwalwa. Yana fara aiki bayan kamar minti 20 zuwa 30, bayan awa 5 rabinsa ya fita daga jiki, gajiyar kuwa tana nan tana jira, ta ƙaru. Direban da ya yi bashin barci, ido na iya rufe masa na daƙiƙa 3 ko 4 bai sani ba, a kwanar Mambila kuwa hakan ya isa. Likitoci na cewa babba mai lafiya kada ya wuce kamar kofi 4 a rana, mai juna biyu da mai ciwon zuciya ko hawan jini su nemi shawarar asibiti. In barci ya kama ka a hanya, ka faka, ka sha kofi ɗaya, ka kwanta na minti 15 zuwa 20, kafin ka tashi ya fara aiki. Wannan zai kai ka gari na gaba ne kawai, inda za ka nemi tabarma.

Shawararmu, ka bari sai Disamba ko Janairu. Tafiyar farko ka bar 504 a gida, ka shiga motar haya daga Jalingo, ka zauna kusa da direba ka ga inda yake sauya giya. Ka kwana a Serti ko Bali in yamma ta yi, a fara hawa da safe. Ka je da 'yar jaka, ka sayo mudu biyu ko uku daga gonaki daban-daban, ka kai wa wanda kake sa ran zai saya ya gani ya faɗi farashi, kafin ka zuba jarinka. Kada ka manta da rigar sanyi.

Da fatan Alhaji ya gamsu, a kuma gaida mana mutanen teburin mai shayi. Sauran wasiƙun da ba mu samu karantawa ba suna nan a jaka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.