"Jininki Ya Yi Ƙasa": Abin da Takardar Gwaji Take Nufi

Mai ciki takan je awo a ce mata jininta ya yi ƙasa, a wannan zaman kuma a ce jininta ya hau. Sai ta koma gida tana cewa malaman asibiti sun rikice, ta yaya abu ɗaya zai hau kuma ya sauka? Ba su rikice ba. Hawan jini ƙarfin da jini yake tunkuɗar bangon jijiya ne, shi ake aunawa da abin da ake ɗaurawa a damtse, a rubuta lamba biyu kamar 140/90. Ƙarancin jini kuwa magana ce ta ƙwayoyin da ke cikinsa, kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyun.

A takardar gwaji za a ga haruffa uku, PCV. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan soki yatsa, ya ja jini cikin wani siririn bututun gilashi, ya toshe ƙarshensa, ya sa a na'ura ta juya shi da gudu na kimanin minti biyar. Idan ya fito da shi, jinin ya rabu: ja a ƙasa, ruwa mai launin rawaya a sama, wani farin zare a tsakaninsu. Jan nan shi ne jajayen ƙwayoyin jini, PCV kuma kasonsu ne cikin ɗari. Lafiyayyen namiji yakan kasance tsakanin 40 da 50, mace ƙasa da haka kaɗan. Idan aka rubuta 20, kusan rabin masu kai iska sassan jiki babu su, shi ya sa ake haki, ana jiri, cikin ido da tafin hannu su yi fari fat.

A ɓargon ƙashi ake yin waɗannan ƙwayoyi. Kowace takan yi kwana 120 tana aiki, sannan saifa ta tsince ta. Zazzaɓin cizon sauro yana shiga cikinsu ya farfasa su tun kwanansu bai kai ba. Na mai sikila kuwa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. Idan suka fashe da yawa har aikin ya fi ƙarfin hanta, sai ido ya yi rawaya, a ce shawara.

Abin da ya mayar da ƙwayoyin nan ja shi ne Hb, sinadarin da ke riƙe iska, kuma da sinadarin ƙarfe ake gina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: ƙasa da 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. Wajen neman ƙarin jini ne ake yawan yaudarar kai. Ba kowane jan abu ne yake ƙara jini ba, kuma maltina da madara ba za su yi aikin hanta, nama, wake da ganye ba. Ƙwayar ƙarin jinin da ake bai wa masu ciki takan mayar da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. A dai daina korar ta da shayi, domin yana rage abin da hanji zai tsotsa. Mai sikila kuma kada ya sha ta sai da izinin likita, don sau da yawa ba ƙarfen ne ya yi masa kaɗan ba.

Farin zaren nan na tsakiya, a cikinsa fararen ƙwayoyi suke, WBC a takarda, masu yaƙar cuta. Sukan kasance 4,000 zuwa 11,000 a ma'aunin gwaji, kuma sukan ƙaru idan ƙwayar cuta ta shiga jiki. Tare da su akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke daskarar da jini a bakin rauni, PLT, daga 150,000 zuwa 450,000. Idan suka yi ƙasa sosai, sai a ga haɓo ko dasashi yana jini ba tare da an bige ba.