Gawo a Matsayin Ginshiƙin Hoton Baƙi da Fari a Karkarar Gaya da Ajingi

Idan aka bar idon kyamara a buɗe tsawon daƙiƙa 30, duk abin da ke motsi yakan narke: gajimare ya koma zane-zane, ruwan fadama ya kwanta kamar madubi. Saboda haka, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Gaya da Ajingi, hoto marar launi kan rasa inda ido zai sauka. Gawo ne ke magance wannan. Saɓanin sauran itatuwa, da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da hadari ke yawo, sai rassansa su fito baƙi ƙirin, ba dishi-dishi. Akan girke kyamara bisa mariƙi mai ƙafa uku, a sa gilashin rage haske, a ajiye gawon a gefe, sama ta ci kashi biyu cikin uku na hoton.