Ko Kun Sani? Jabba Mai Ƙafa Biyu

Mujallar zane ta Star Wars ta riga fim ɗin fitowa. Kamfanin Marvel ya fitar da kashi na farko a Afrilun 1977, fim kuwa sai 25 ga Mayu aka fara nuna shi a Amurka. Roy Thomas ya rubuta, Howard Chaykin ya zana, kuma da rubutaccen labarin fim da hotuna suka yi aiki. Shi ya sa wuraren da aka yanke daga fim ɗin suka tsira a takarda, har da haɗuwar biyu daga cikin 'yan labarin, Han Solo da Jabba. Wannan Jabban, wanda tsofaffin masu karatu ba su manta ba, da ƙafa biyu yake tafiya, sanye da kaki. Ƙaton Jabba mai jan ciki sai 1983 ya bayyana a fim.