Mai Ɗaukar Hoton Ƙwaƙwalwa

A Dutsin-Ma da Kurfi, idan saurayi ya soma surutu shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa alhali ba kowa, ba asibiti ake fara nufa ba. Sai an sha rubutu, an yi ruƙiyya, an turara hayaƙi, sannan wani ya ce a gwada likita. Daga babban asibitin gari akan miƙa su Katsina ko asibitin Malam Aminu Kano, inda takardar likita kan kai wasu hannun mai ɗaukar hoto.

Shekara biyar yake yi a jami'a, kamar Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo, sannan hukumar rajistarsu, wadda aka kafa a 1987, ta ba shi lasisi. Sai dai rabin aikin lallashi ne, kuma ba a aji ake koyonsa ba. Na'urar MRI da yake ɗaukar hoton da ita ƙaton maganaɗisu ce, ko allura ba ta shiga ɗakin. "Baba, a laluba aljihunsa, a cire zoben nan da gurun," in ji shi, sai an kai ruwa rana kafin a kwance guru. Sannan ya shawo kan mutumin da ya haƙiƙance ana farautarsa, ya kwanta cikin rami mai ƙara, kusan rabin awa, ko motsi babu. Kai ya gusa, hoto ya lalace, kuɗin geron da aka sayar ya bi ruwa.

Ciwon nan na jin muryoyi, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, yana barin alama. A 1976 Eve Johnstone da Tim Crow suka nuna a Landan, da na'urar CT, cewa kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwar masu shi sun fi na sauran mutane faɗi. Daga baya MRI ta nuna sashen ajiye tunani ya ɗan tsuke. Amma sai an gwama hotunan jama'a da yawa bambancin ke fitowa. Na mutum ɗaya yakan fito garau. Likita yana neman hoton ne don ya tabbatar ba ƙari ko tsohon rauni a kai.

Nan gizo ke saƙar. Da an ce hoto lafiya lau, sai uba ya ce, "Ai dama mun faɗa, iska ce," a watsar da magani. Shi kuwa mai hoto ƙa'ida ba ta ba shi fassara ba. Iyakarsa ya miƙa ambulan ya ce, "Baba, don Allah kada ku wuce tasha, ku koma wurin likitan da ya turo ku."