Gudun Ram Ko Ƙarfin Wuta: Wanne Ya Kamata Mai Kwamfutar Gem A Yashe Ya Fara Kula Da Shi?

Yashe mararraba ce. Motar da ta taso daga Kano za ta Katsina nan take ratsawa, wadda ta fito daga Funtuwa ma nan take haɗuwa da babban titi, don haka kayan zamani ba sa daɗewa ba su iso ba. Gidajen gem na PlayStation sun daɗe da zama abin yau da kullum a nan da Kankiya da Kusada, amma yanzu akwai samarin da suka wuce nan, suna tara kuɗi su je Titin Beirut a Kano su haɗa kwamfutar tebur ta buga eFootball da GTA V da Call of Duty. Idan kuɗin ya kusa ƙarewa sai a tsaya a kan tambaya ɗaya: ragowar a sa ta a ram mai gudu, ko a sa ta a fawa-fak mai kyau, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, da kayan gyara wuta? Yawancinsu ram suke zaɓa, domin ita ce ke da lamba mai burgewa a jikin kwali da fitilu masu walƙiya. Ni ina ganin a garinmu wannan zaɓin a baibai yake.

A fara da abin da ram take bayarwa, don ba ƙaramin abu ba ne. Ram ita ce ma'ajiyar wucin gadi da firosesa ke ɗebo bayanai daga cikinta yayin da wasa ke gudana. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sandar DDR4 da aka rubuta wa 3200 a jiki sau da yawa a 2133 ko 2400 take tashi idan an sa ta sabuwa. Sai an shiga BIOS an kunna saitin da ake kira XMP, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 2007, sannan ta kai gudun da aka biya kuɗinsa. AMD ya kawo nasa mai suna EXPO a 2022 don DDR5, wadda ita kuma ta soma daga 4800. Kunna saitin ba ya cin ko sisi. Yana ɗaga wutar sandar DDR4 daga bolt 1.2 zuwa 1.35, ya matse lokacin jiranta, shi ke nan.

Akwai kuma batun rami. Fanel, wato babban allon cikin kwamfuta da ake soka ram da firosesa, idan mai ramuka huɗu ne yana so a sa sanduna biyu, galibi a rami na biyu da na huɗu daga gefen firosesa, domin bayanai su riƙa bin hanya biyu a lokaci guda. Sanda ɗaya mai giga 16 da sanduna biyu masu giga 8 kowacce girmansu ɗaya, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Wannan gyaran ya fi ƙarin gudu tasiri nesa ba kusa ba, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Sai dai ribar tana da iyaka. Idan akwai katin hoto na daban a kwamfutar, shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin wasa, tashi daga 3200 zuwa 3600 kuwa da ƙyar ido zai ga bambancinsa. Ƙari a kan haka, kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da suka cika kasuwanninmu, yawancinsu ba su da XMP a BIOS ɗinsu sam. Fanel ɗin Intel masu araha na da, kamar H310 da B460, sun kulle gudun ram, sai da B560 ya fito a 2021 aka buɗe. Saurayin da ya sayi ram mai tsada ya cusa a irin waɗannan ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba.

To wuta fa? Sandar ram ba ta wuce wat uku zuwa biyar. Katin hoto shi ne maciyin. RX 580, wanda ya yi yawa a kasuwar hannu bayan masu haƙar kirifto sun gama da shi, yana shan wat 185. RTX 3060 yana shan 170, kuma Nvidia ya ba da shawarar fawa-fak mai wat 550 dominsa. Ramin da ake soka katin wat 75 kawai yake iya bayarwa, sauran sai ta waya mai baki shida, wadda ke ƙara 75, ko mai baki takwas, wadda ke ƙara 150. Kwamfutar ofis kuwa tana zuwa da fawa-fak na wat 240 ko abin da ya yi kusa da haka, ba ta da waɗannan wayoyi. Daga nan ne ake shiga jone-jone da adafta, daga nan kuma ake jin warin ƙonuwa.

Lambar da ke jikin fawa-fak ma ba abar amincewa ba ce kai tsaye. Wanda ba shi da suna, mara nauyi a hannu, yana iya ɗaukar rubutun wat 600 alhali layinsa na bolt 12, wanda firosesa da katin hoto ke sha, bai kai rabin haka ba. A duba jadawalin da ke manne a jikinsa, a ninka amfiya ɗin layin 12 da 12, abin da ya fito shi ne gaskiyar ƙarfinsa. Tambarin 80 Plus, wanda aka soma a 2004, yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi ba. Ba shaidar inganci ba ce cikakkiya, amma rashinsa gaba ɗaya abin tsoro ne. Sannan masu arha ana auna ƙarfinsu a zafin digiri 25 ko 30, masu kyau a 40 ko 50. A Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. Fawa-fak ɗin da ya ishi yaro a Jamus, a nan haki yake yi. In hunturu ya zo kuma ƙura ta toshe fankarsa.

Duk wannan a cikin akwatin ne. Abin da ke shigowa ta bango shi ne babban al'amari. Wutarmu bolt 230 ce a takarda, kamfanin KEDCO ke raba ta ga Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, amma kowa ya san yadda takan zo ba ƙarfi da magariba, ko ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima bayan an ɗauke. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi sama da mako a duhu saboda lalacewar manyan layuka. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma kunna janareta ya zama abin da ake yi wa lissafi. Ƙaramin janaretan nan na Tiger da ƙyar yake ba da wat 650, wutarsa kuma hawa da sauka take yi da motsin injin.

Fawa-fak na kirki yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wanda hakan kaɗai ya sa ya dace da mu. Amma yana da nasa sharaɗi: irinsa ba ya jituwa da inbata ko UPS mai arha da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle, yakan mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Yana buƙatar inbata mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA. Haka kuma UPS da aka rubuta wa 650VA ba wat 650 yake nufi ba, bai fi 360 zuwa 390 ba. Kwamfuta mai RTX 3060 da allonta kan ja kusan wat 300 zuwa 350 a tsakiyar wasa, wato ta kusa cinye shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda matsalolin biyu ke kama da juna. Wasa ya tsaya cak, ko kwamfuta ta sake tashi da kanta, sai a ce wa mai gyara, “Oga, ram ce ta samu matsala,” a je a sayo wata. Alhali akwai hanyar rarrabewa. Idan wasa ya fita da kansa ya bar ka a Windows, ko shuɗin allo ya bayyana da rubutu, a zargi ram: a kashe XMP, a gwada ta da manhajar MemTest86 na 'yan awoyi. Idan saitin ya hana kwamfutar tashi ma, a zare ta daga wuta, a cire ƙaramin batirin CR2032 na fanel na ɗan lokaci, komai zai koma yadda yake. Idan kuwa ɗif ta yi kamar an zare soket, musamman lokacin da wasa ya yi zafi, to wuta ce. Bambancin da ya fi muhimmanci yana cikin asarar. Saitin ram mara kyau lokacinka kawai zai ci. Fawa-fak mara kyau idan zai tafi yakan tafi da fanel da katin hoto, wani lokaci har da faifan ajiya.

Akwai wuri guda da ram ke rinjaye, kuma shi nake so samarinmu su duba da kyau. Firosesa irin Ryzen 5 5600G yana da sashen hoto a cikinsa, ba shi da ma'ajiya tasa, ram ɗin kwamfutar yake ara. A nan sanduna biyu da kunna XMP suna sauya wasa ƙwarai, har mai kallo ya gane. Ba zai kai RTX 3060 ba, amma zai buga ƙwallo da GTA V a saiti matsakaici, kuma dukan kwamfutar da allonta ba za su wuce wat 120 zuwa 130 ba. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da wat-awa 2,400, rabinsu ake sha idan ana so ya yi ƙarko. Kwamfutar mai babban kati za ta shanye wannan rabin cikin kusan awa uku. Ta 5600G za ta kai awa takwas, kuma faifan sola biyu ko uku za su iya ciyar da ita da rana.

Mai gidan gem da ke karɓar kuɗi a kan kowane wasa, awa takwas ɗin nan su ne cinikinsa. Wanda kuma ya dage sai babban kati, ya sa kuɗin fawa-fak mai wat 550 ko 650 na kamfani sananne, da sitabilaiza, da inbata mai wuta sumul a cikin lissafin tun kafin ya hau motar Kano. Ram ta giga 16 mai gudun 3200, sanduna biyu, ta ishe shi, ana iya ƙara ta baɗi.