Daga Ina Bakandamiyar Narambaɗa Ta Samo Asali?

Har yau a birnin Sakkwato, in aka saka waƙar Bakandamiya a gidan Rediyon Rima, sai ka ga dattijo ya dakata da hira ya kasa kunne. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, shi ya shirya ta domin ubangidansa, Sarkin Gobir na Isa Ahmadu Bawa.

Ba a fada Narambaɗa ya fara ba. Da ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne, sannan ya yi waƙoƙin noma kafin ya koma ga sarakuna. Wannan tashi ya bar alama a waƙar. Akwai zafin kirarin filin kokawa a yadda yake wasa kansa da gwanintarsa, yana ƙalubalantar sauran makaɗa, kafin ya juya ya kambama sarki ya yi wa mahassada zambo.

Kiɗan kuwa na kotso ne, ganga mai fuska ɗaya da ake rataya a kafaɗa a buga da hannu, ana matsa tsirkiya don sauya amo. Kiɗan sarauta ne tsantsa. A kansa jagora ke jefa ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, su dawo kan gindin waƙar. A ganina nan ƙarfinta yake, domin rabin daɗin waƙar a bakin 'yan amshi yake fitowa.

Sai harshen: Hausar Gobir ce cike da karin magana, abin da ya sa ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke ta nazarinta. Mai son gane waƙar fada, da Bakandamiya ya kamata ya fara.